Daga takardar bashi zuwa bakin bindiga: mashigin Suez da gardamar babakeren manyan ƙasashe

Masu kare babakeren manyan ƙasashe hujja biyu gare su, kuma sukan dama su a ƙwarya ɗaya. Ta farko ita ce dole: wai duniya kashin dankali ce, babba a kan ƙarami, in Ingila ba ta hau ba Faransa za ta hau, in Amurka ta sauka Sin za ta maye gurbinta. Ta biyu ita ce dacewa: wai mai ƙarfin nan shi ke tsare hanyoyin teku, shi ke sa a biya bashi, shi ke kawo tsari inda babu, don haka zamansa alheri ne har ga wanda ya danne. Sai an raba hujjojin nan kafin a iya auna su, domin kowace da irin shaidar da take bukata.

Hujjar dole tsohuwa ce. Thucydides, marubucin tarihin Girka, ya kawo yadda jakadun Atina suka faɗa wa mutanen tsibirin Melos a shekara ta 416 kafin haihuwar Annabi Isa cewa zancen adalci tsakanin tsararraki ake yin sa, mai ƙarfi abin da ya iya yake yi, rarrauna kuma ya haƙura. Irin wannan magana Lugard ya yi a Sakkwato a watan Maris na 1903: Fulani da yaƙi suka sami ƙasa a zamanin Shehu Usmanu, yanzu an ci su da yaƙi, saboda haka iko da haraji da naɗin sarakuna sun koma hannun Ingila. Masu jawo labarin Melos dai ba safai suke ƙarasa shi ba. Shekara 12 bayan wannan fahariya Atina da kanta ta miƙa wuya ga Sparta.

Ba a gane gaskiyar irin wannan gardama a sama-sama. Sai an ɗauki wuri guda an bi yadda aka ɗaure shi, igiya bayan igiya. Masar ta dace da wannan aiki, domin a can an ga yadda aka ƙulla mamaya da yadda ta warware, cikin shekaru kusan 100, kuma takardun suna nan.

Igiyar farko kwangila ce. A 1854 Sa'id Pasha, mai mulkin Masar a ƙarƙashin Daular Usmaniyya, ya ba Bafaranshe Ferdinand de Lesseps izinin haƙa mashigi tsakanin Bahar Rum da Bahar Maliya. Kamfanin zai riƙe mashigin shekara 99 daga ranar buɗewa, Masar za ta ba da fili da leburori, ta karɓi kashi 15 cikin 100 na riba. An raba jarin gida 400,000, kowane a kan faran 500. Da kasuwa ta ƙi sayen duka, sai aka jibga wa Masar ragowar, har ta wayi gari da kusan kashi 44 cikin 100 na hannun jarin, da kuɗin da ba ta da su. An fara haƙa a 1859 da aikin tilas, ana kwaso manoma dubbai daga ƙauyuka wata-wata. Da Isma'il Pasha ya hau a 1863 ya nemi a daina aikin tilas a kuma maido da wasu filaye, sai aka kai ƙara gaban Napoleon na Uku, sarkin ƙasar da kamfanin ya fito, wanda matarsa 'yar'uwar de Lesseps ce. A 1864 ya yanke cewa Masar ta biya kamfani diyyar faran miliyan 84. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Igiya ta biyu bashi, kuma a nan ba a wanke Isma'il. Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya sa audugar Masar ta yi tsada, shi kuwa ya ɗauka haka za a dawwama. Ya shimfiɗa layin dogo, ya haƙa magudanan ban-ruwa, ya kafa masana'antun sukari, ya gina fadoji, ya yi bikin buɗe mashigin a watan Nuwamba na 1869 da almubazzarancin da har yau ake labari. Ya kuma yi nasa mulkin mallakar, abin da ake yawan tsallakewa: ya faɗaɗa ikon Masar a Sudan, wadda kakansa Muhammad Ali ya mamaye tun 1820, ya kai wa Habasha yaƙi aka karya rundunarsa a Gundet a 1875 da Gura a 1876. Amma yadda ake ba shi bashin shi ne abin lura. Bankunan Turai suna sayar da takardun bashi ƙasa da kuɗin da aka rubuta a kansu, su cire ladansu, kuɗin ruwa kuwa a kan cikakken adadin ake lissafa shi. Bashin 1873 a takarda fam miliyan 32 ne, abin da ya shigo baitulmali bai wuce kusan miliyan 20 ba, biya kuwa na 32 za a yi. Mai cin irin wannan bashi ba ya fita, sai dai ya ci sabo ya toshe tsoho. Bashin da yake kusan fam miliyan 3 lokacin hawan Isma'il ya haura miliyan 90 zuwa 1876.

Daga nan abubuwa suka bi juna da sauri. A watan Nuwamba na 1875 Isma'il ya sayar da hannun jarinsa 176,602 ga gwamnatin Birtaniya a kan kusan fam miliyan 4, Firayim Minista Disraeli ya ranto kuɗin daga gidan Rothschild saboda majalisa tana hutu. A 1876 Masar ta kasa biya, aka kafa hukumar bashi da wakilan masu bin bashi ke zaune a cikinta, aka sa Bature ɗan Ingila a kan kuɗin shiga, Bafaranshe a kan kuɗin fita. Da Isma'il ya yi ƙoƙarin kuɓucewa a 1879, ƙasashen Turai suka matsa wa Sarkin Istanbul, wato sarkin Daular Usmaniyya, ya tuɓe shi ta wayar tangaraho, aka ɗora ɗansa Taufiƙ. A 1880 kashi 15 na ribar mashigin ma aka sayar da shi ga wani bankin Faransa, aka kuma yi dokar da ta ware kusan rabin kuɗin shigar ƙasa don biyan bashi. Shekara 11 da buɗe mashigi, ƙasar da ta ba da fili da gumi ba ta da ko anini a ribarsa, kuma har lokacin ba a harba harsashi ko ɗaya ba.

Harsashi ya zo ne da 'yan ƙasa suka ce a'a. An rage sojoji da albashi don a biya masu bin bashi, an tsananta haraji a kan manoma, sai hafsoshi 'yan asalin Masar ƙarƙashin Kanar Ahmad Urabi suka haɗa kai da malamai da masu gonaki suna neman majalisa ta sami ta cewa a kasafin kuɗi. Wannan shi ne abin da masu bin bashi ba za su lamunta ba. Bayan tarzomar Iskandariyya ta watan Yuni na 1882, jiragen yaƙin Birtaniya suka yi wa birnin luguden wuta ranar 11 ga Yuli, sannan ranar 13 ga Satumba aka murƙushe rundunar Urabi a Tal al-Kabir.

To, dole ne wannan ya faru? Masu cewa e suna nuna taswira. Mashigin ya rage tafiyar Landan zuwa Bombai da kusan kashi 40 cikin 100, mafi yawan jiragen da ke ratsa shi na Birtaniya ne, ita kuwa Indiya ce ƙashin bayan daularta. Hujja ce mai nauyi, amma abin da ya faru a 1882 bai bi ta sak ba. Faransa, wadda 'yan ƙasarta ke da kamfanin da babban rabo na bashin, ta janye jiragenta, majalisarta ta ƙi amincewa da kuɗin yaƙi har gwamnati ta faɗi. A Landan majalisar ministocin Firayim Minista Gladstone ta rabu, John Bright ya ajiye muƙaminsa don nuna ƙin harin. Shi Gladstone da adawa da irin wannan kasada ya ci zaɓen 1880, kuma daga baya masu tarihi sun gano takardun bashin Masar suna da babban kaso a dukiyarsa, wanda darajarsu ta tashi bayan Tal al-Kabir. A 1887 ma an rattaba hannu a Istanbul kan cewa sojojin Birtaniya za su fita cikin shekara 3, da sharaɗin za su iya komawa in an sami hargitsi. Faransa da Rasha suka hana Sarkin Istanbul tabbatar da yarjejeniyar saboda wannan sharaɗi. Abin da ake kira ƙaddara, in aka buɗe shi, ƙuri'a ce a majalisa, da saɓani tsakanin ministoci, da sa hannun da aka janye. Rashin daidaiton ƙarfi tsakanin Birtaniya da Masar gaskiya ne, babu mai musu. Juyar da wannan rata zuwa mamayar shekara 74 kuwa mutane ne masu suna suka yi shi, wasu daga cikinsu da aljihunsu a ciki.

Hujjar dacewa ta fi wuyar turewa, kuma rashin adalci ne a ce ba ta da komai. Lord Cromer, wakilin Birtaniya, wanda ya juya Masar daga 1883 zuwa 1907 da sunan ƙaramin jakada kawai, ya daidaita kasafi, ya rage aikin tilas da bulala wajen karɓar haraji, an gyara ban-ruwa, an gama tsohuwar madatsar Aswan a 1902. Sai dai a duba wa aka yi wa aikin. Ban-ruwan auduga yake shayarwa, audugar masaƙun Lankashire take ciyarwa, kuɗinta kuma bashi yake biya. Da masaƙun zamani suka fara tasowa a Masar sai aka ɗora musu haraji daidai da na kayan da ake shigowa da su, don kada su sami kariya. Ilimi abin da ake ware masa ƙanƙani ne, aka kuma taƙaita karatun kyauta, domin Cromer ya ɗauko daga Indiya tsoron 'yan boko marasa aikin yi. A 1906 a ƙauyen Dinshawai, bayan rigima da hafsoshin Birtaniya masu harbin tattabaru, an rataye mutum 4 an yi wa wasu bulala a gaban iyalansu. Matsalar hujjar dacewa a nan take: mai mulkin shi ke zaɓar ma'aunin da za a auna shi, shi ke riƙe da littafin lissafi, kuma babu ranar da wanda ake mulka zai iya sallamarsa. 'Yancin 1922 ma na takarda ne. Ranar 4 ga Fabrairu 1942 tankokin Birtaniya suka kewaye fadar Abidin, aka ba Sarki Faruƙ zaɓi ya naɗa firayim ministan da ake so ko ya sauka. Yarjejeniyar 1936 tsakanin Masar da Birtaniya ta ƙayyade sojan Birtaniya 10,000 a yankin mashigi, amma a farkon shekarun 1950 sun kai kusan 80,000.

Shekarar 1956 ce ta sa hujjojin biyu a sikeli, cikin wata 5 kacal. Sojan Birtaniya na ƙarshe ya fita a watan Yuni bisa yarjejeniyar 1954. Shugaban Masar Jamal Abdunnasir (Nasir) na son gina babbar madatsar Aswan, kuma a ƙarshen 1955 an yi masa alkawarin dala miliyan 56 daga Amurka, miliyan 14 daga Birtaniya, miliyan 200 daga Bankin Duniya. Amma ya sayi makamai ta hannun Chekoslobakiya, ya amince da gwamnatin kwaminis ta Sin, sai ranar 19 ga Yuli sakataren harkokin wajen Amurka, Dulles, ya janye tayin. Mako guda bayan haka, ranar 26 ga Yuli, Nasir ya tsaya a Iskandariyya yana jawabi, ambaton sunan de Lesseps shi ne alamar da aka shirya, tawagar injiniya Mahmud Yunus ta shiga ofisoshin kamfanin, aka mayar da shi mallakar gwamnatin Masar. Ta fuskar shari'a ya taka a hankali. Kamfanin a ƙarƙashin dokar Masar aka kafa shi, an yi alkawarin biyan masu hannun jari farashin kasuwar Paris na jajibirin ranar, wa'adin kwangilar ma 1968 zai ƙare. Lauyoyin ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya da kansu ba su ga hujjar kai hari ba.

Saura hujjar iyawa: wai Misirawa ba za su iya tafiyar da mashigin ba. Aikin kuwa ba wasa ba ne. A lokacin hanyar kusan kilomita 160 ce, ƙunci gare ta, jirage a jere suke tafiya ayari-ayari, sai a wurare ƙalilan irin Babban Tafki Mai Ɗaci ake ba juna hanya. Babban jirgi in ya matsa kusa da gaɓa ruwa kan ja bayansa ya karkatar da hancinsa, in ya sare ya toshe kowa. Shi ya sa kowane jirgi sai da jagora na mashigin a kansa, kuma mafi yawan jagororin Turawa ne. A tsakiyar Satumba kamfanin ya janye su gaba ɗaya, da zaton jirage za su yi cunkoso, duniya ta yi kuka, a sami dalilin shiga. Jagororin Masar kaɗan da ke akwai, da hafsoshin sojan ruwa da aka yi wa horon gaggawa, da Girkawan da suka ƙi tafiya, da wasu da aka ɗauko daga Tarayyar Sobiyet da Yugoslabiya da sauran ƙasashe, suka riƙa aiki ba dare ba rana. Ayari bai tsaya ba. A ganina wannan mako shi ne ya fi dukan jawaban Majalisar Ɗinkin Duniya muhimmanci, domin hujjar da aka shekara aru-aru ana yi da baki, an gwada ta a kan ruwa ta nutse.

Da hujja ta ƙare sai aka ƙirƙiro dalili. Daga 22 zuwa 24 ga Oktoba, a wani gida a Sèvres kusa da Paris, Birtaniya da Faransa da Isra'ila suka shirya a asirce: Isra'ila ta kai hari Sina'i ranar 29, sauran biyun su ba ɓangarorin wa'adi kowa ya ja baya mil 10 daga mashigi, Masar ba za ta yarda ta janye daga ƙasarta ba, sai a shiga da sunan raba faɗa. Faransa tana da nata haushin, tana ganin Nasir ke rura yaƙin Aljeriya. Haka aka yi. Ranar 31 aka fara ruwan bama-bamai, ranar 5 ga Nuwamba sojojin laima suka sauka a Port Sa'id. Mashigin da aka ce an zo tsarewa ya rufe a take, domin Masar ta nutsar da jirage kusan 40 a cikinsa. A Siriya aka fasa tashoshin tura man bututun Iraƙi, Saudiyya ta hana wa Birtaniya da Faransa mai. Kusan kashi biyu cikin uku na man Yammacin Turai ta wannan mashigi yake bi, kafin ƙarshen shekara an koma rabon fetur da kati a Ingila. Ranar 20 ga Disamba Firayim Ministan Birtaniya Eden ya tsaya a majalisa ya ce ba su da masaniyar Isra'ila za ta kai hari.

Abin da ya tsayar da yaƙin shi ne inda masu hujjar dole suke samun numfashi. Ta fuskar soja Masar ce ke shan kashi. Birtaniya da Faransa sun hau kujerar naƙi a Kwamitin Sulhu, Babban Zaure ya nemi a tsagaita wuta da ƙuri'a 64 da 5, Firayim Ministan Sobiyet Bulganin ya aika wasiƙun barazana, a makon da tankokinsa ke murƙushe mutanen Budapest. Amma wuƙar da ta yanke ita ce dala. An ɗaure fam a kan dala 2.80, ajiyar Birtaniya tana dab da dala biliyan 2 da ake ganin bai kamata a sauka ƙasa da shi ba, 'yan kasuwa na ta zubar da fam, man da za a sayo daga nahiyar Amurka kuma da dala ake biyansa. Faransa ta yi dabara ta karɓi lamuninta daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya tun a Oktoba, Birtaniya ba ta yi ba. Shugaban Amurka Eisenhower, wanda aka ɓoye wa shirin ana saura mako guda zaɓe, ya toshe mata asusun, ya ƙi sakin mai, har sai ta fita. Aka tsagaita wuta daren 6 ga Nuwamba. Ranar 3 ga Disamba aka sanar da janyewa, mako guda bayan nan asusun ya amince da dala biliyan 1.3. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Da igiyar da ta ɗaure Isma'il shekara 80 da suka wuce aka ɗaure Birtaniya.

Mai hujjar dole zai ce: ka gani, babban kifi ne ya kori matsakaici. Akwai gaskiya a ciki. Amurkar da ta tsawata wa Eden ita ce ta haɗa hannu da Birtaniya aka kifar da Firayim Minista Musaddaƙ a Iran a 1953 bayan ya ƙwace kamfanin mai, ita ce kuma ta kifar da gwamnatin Gwatamala a 1954. Ibn Khaldun tun ƙarni na 14 ya bayyana yadda daula kan tsufa cikin zuriya uku, wata mai sabon jini ta gaje ta. Amma akwai abin da wannan karatu ke ɓoyewa. Tsakanin 1882 da 1956 kuɗin mamaya ya tashi. Urabi shi kaɗai ya tsaya, cikin sa'a guda aka watsa rundunarsa. Nasir yana da rediyon Sautul Arab da ake ji daga Maroko zuwa Bagadaza, yana da ƙasashen Asiya da Afirka na taron Bandung na 1955 masu ƙuri'a, yana da manya biyu, Amurka da Sobiyet, masu gaba da juna da kowanne ke tsoron tura shi hannun ɗayan, yana kuma da injiniyoyin da suka iya aikin. Eisenhower lissafi ya yi, ya ga goyon bayan tsofaffin 'yan mulkin mallaka zai miƙa wa Mosko ƙasashen Larabawa da Asiya a faranti. Waɗanda ake wa kallon raunana su ne suka sauya masa lissafin. Manyan ƙasashe ba su ɓace ba, amma abin da za su iya yi a fili, da farashin da za su biya, ya canza, kuma wannan canjin shi ne Masar ta ci: mashigin ya zauna a hannunta, an sake buɗe shi a watan Afrilu na 1957, a 1958 aka daidaita kan diyyar tsofaffin masu hannun jari, Sobiyet ta ba da kuɗi da ƙwararru aka gama madatsar Aswan a 1970.

Kowa da darasin da ya kwasa. Eden ya sauka a Janairun 1957, Birtaniya ta ƙudurta ba za ta sake babban motsi ba tare da Washington ba. Faransa ta ɗauki akasin haka, ta rungumi haɗin kan Turai da yarjejeniyar Rum ta Maris 1957, ta hanzarta ƙera bam ɗin nukiliya, ta gwada shi a Reggane cikin Saharar Aljeriya a Fabrairun 1960, gwaje-gwajen da suka sa Nijeriya ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961. Shi kansa Nasir, gwarzon yaƙi da mamaya, daga 1962 ya tura dubban sojoji Yaman, suka maƙale har 1967. Amurka kuwa ba ta ɓata lokaci ba. A Janairun 1957 Eisenhower ya nemi majalisa ta ba shi izinin tura soja Gabas ta Tsakiya don cike abin da ya kira giɓi, kuma a watan Yuli na 1958, washegarin juyin mulkin da ya kawar da sarautar Iraƙi, sojojin ruwan Amurka suka sauka a gaɓar Beirut. Kwana biyu bayan haka sojojin laima na Birtaniya suka sauka a Amman, wannan karon bayan sun nemi yardar Washington.